Kimiyya da Fasaha: Lissafin Juyi da Lulluɓinsa

A wannan makon za mu leƙa wani lungu ne na ilmin aljabra wanda ba kasafai ake jin labarinsa a wajen jami'o'i ba. Ita kalmar aljabra dai ta samo asali ne daga sunan littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajajen shekarar 820, to amma aljabrar da za mu tattauna a kai yau ba ta neman amsar lambar da ta ɓace ba ce. Wannan aljabra ce ta ayyuka, wato me ke faruwa idan aka yi wani motsi sannan aka bi shi da wani. Kada wannan ya tsorata ka, domin kuwa da katifar ɗakinka za mu fara.

Akan shawarci mai katifa ya riƙa juya ta lokaci-lokaci don kada gefe guda ya lotse. To hanyoyi nawa ne za ka juya ta ta koma ta zauna daidai a kan gado? Kana iya juya ta a kwance, wajen kai ya koma wajen ƙafa. Kana iya kifa ta ta gefe, dama ta koma hagu. Kana iya kifa ta ta tsawo, saman ya koma ƙasa, kai kuma ya koma ƙafa. Na huɗu shi ne ka bar ta yadda take, wanda shi ma masana lissafi suna ƙirga shi a matsayin aiki. Idan ka gwada za ka ga abubuwa uku. Kowane juyi ka yi shi sau biyu, katifa ta koma yadda take. Kowane biyu daga cikin ukun ka haɗa, sai su ba ka na ukun. Sannan ba ruwanka da wanda ka fara yi, sakamakon ɗaya ne.

Irin wannan tarin ayyuka, wanda haɗa biyu daga cikinsa ke ba da wani na cikinsa, kuma kowane aiki yake da mai warware shi, shi ake kira guruf a harshen masana, mu kuma za mu kira shi rukuni. Wani matashi Bafaranshe, Evariste Galois, wanda ya mutu a 1832 yana da shekara 20 kacal, shi ne ya fara amfani da kalmar ta wannan fuska. Rukunin katifa yana da mambobi huɗu, kuma ana jingina shi ga Felix Klein na ƙasar Jamus.

Ba kowane rukuni ne ke da sauƙin kai irin na katifa ba. Ɗauki tayil mai kusurwa huɗu daidai wa daida. Ana iya mayar da shi gurbinsa ta hanyoyi takwas: juyi huɗu a kwance, ciki har da barinsa yadda yake, da kuma kifawa huɗu. A nan abin da ka fara yi yana da muhimmanci. Ka juya shi rubu'in zagaye sannan ka kifa, ba daidai yake da ka kifa sannan ka juya ba, kamar dai yadda sa safa kafin takalmi ya bambanta da sa takalmi kafin safa. Bambancin da ke tsakanin sakamakon biyu za mu kira shi saɓani. A rukunin tayil, duk lokacin da aka sami saɓani, to rabin zagaye ne cif. Shi kuwa rabin zagayen ba ya saɓa wa kowa, ko a gaba ka sa shi ko a baya duk ɗaya ne. Mambobi masu irin wannan hali na zaman lafiya da kowa su ake kira cibiyar rukuni.

Yanzu sai ka ce, bari in rufe ido ga rabin zagayen nan, duk ayyuka biyu da shi kaɗai ya raba su in ɗauke su abu guda. Takwas ɗin nan sai su koma biyu-biyu kashi huɗu, kuma dokokin haɗa su sai su zama sak na katifa. Wato ke nan rukunin tayil yana zaune a kan rukunin katifa kamar mayafi mai ninki biyu. Wannan shi ne rukunin lulluɓi.

Mutumin da ya gano wannan shi ne Issai Schur, a wasu maƙaloli da ya wallafa a 1904 da 1907 da kuma 1911. Schur yana nazari ne a kan yadda ake wakiltar mambobin rukuni da jadawalin lambobi, sai ya lura cewa wani lokaci jadawalan suna bin dokokin rukunin amma da ɗan ƙari, alal misali alamar ragi ta ɓullo inda ba a sa ranta ba. Maimakon ya ɗauki wannan a matsayin kuskure, sai ya nuna cewa akwai wani rukuni mafi girma a sama wanda a cikinsa lissafin ke tafiya daidai. Ya gindaya sharuɗɗa: ƙarin da aka yi dole ya kasance a cikin cibiya, dole ya kasance daga saɓani aka gina shi, kuma ya kai iyakar girman da zai iya kaiwa. Girman wannan ƙari, wanda a yau ake kira ma'aunin Schur, ya dogara ne ga ƙaramin rukunin kawai. Na katifa biyu ne. Na rukunin agogo, mai zagaye sa'o'i 12, ɗaya ne, wato ba shi da wani lulluɓi sai kansa. Schur ya kuma tabbatar da cewa duk rukunin da mambobinsa ke da iyaka yana da lulluɓi aƙalla ɗaya.

Lissafa wannan ma'auni ba wasa ba ne. Akwai wani rukuni da ake kira M22, mai mambobi 443,520, wanda a 1966 aka wallafa cewa ma'auninsa 3 ne, bayan shekara biyu aka gyara aka ce 6 ne, sai a 1979 aka tabbatar 12 ne. Manyan masana ne suka yi aikin, ba 'yan koyo ba.

To sai dai a nan gizo ke saƙar. Mun ce lulluɓi aƙalla ɗaya, ba mu ce ɗaya tak ba. Rukunin katifa yana da lulluɓi na biyu, kuma labarinsa ya girmi Schur. A ranar 16 ga watan Oktoban 1843, William Rowan Hamilton yana tafiya a bakin wata mashigar ruwa a birnin Dublin na ƙasar Ailan, sai dabarar wasu sababbin lambobi ta faɗo masa, har ya kankare dokarsu a jikin dutsen wata gada. Lambobin uku ne, ana kiransu i da j da k. Kowacce ka ninka ta da kanta sai ta ba ka ragi ɗaya. Ka ninka i da j ka sami k, amma ka ninka j da i sai ka sami ragi k. Idan ka haɗa su da lamba ɗaya, kowacce da alamar ƙari da ta ragi, ka sami mambobi takwas. Rufe ido ga alamar ragi, sai ga rukunin katifa ya sake bayyana: kowacce sau biyu ta koma ɗaya, kowane biyu su ba da na uku.

Shin rukunin Hamilton da na tayil abu ɗaya ne da aka sauya wa suna? A'a. Ga hujja mai sauƙi. A rukunin tayil, ban da barin abu yadda yake, akwai ayyuka biyar da idan ka maimaita su sau biyu za ka koma mafari: kifawa huɗu da rabin zagaye. A rukunin Hamilton guda ɗaya ne rak, wato ragi ɗaya. Duk yadda ka sauya sunaye ba za ka mayar da biyar ta zama ɗaya ba.

Ga shi kuma suna kama ƙwarai da gaske. Ka zaɓi mambobi biyu da ka, ka tambaya ko suna da saɓani. Akwai hanyoyi 64 na zaɓen. A rukunin tayil 40 daga ciki ba su da saɓani, a na Hamilton ma 40 ne cif, wato kashi biyar cikin takwas. Af, wannan adadi yana da nasa labarin, domin an tabbatar cewa duk rukuni mai iyaka da ke da saɓani ko da guda ɗaya ne, rabon zaman lafiyarsa ba zai taɓa wuce biyar cikin takwas ba.

Saboda haka ana bukatar wata kalma da ta fi "abu ɗaya ne" sassauci, amma ba ta zama ta kowa da kowa ba. Masana lissafi suna da ƙa'ida game da irin wannan, suna kiranta dangantakar daidaito, kuma sharuɗɗanta uku ne. Kowane abu yana da dangantakar da kansa. Idan na farko yana da ita da na biyu, to na biyu ma yana da ita da na farko. Idan kuma na farko yana da ita da na biyu, na biyu da na uku, to lallai na farko yana da ita da na uku. Ɗauki ranakun mako. Jaririn da aka haifa ran Talata, ran Talata ake raɗa masa suna, domin kwana bakwai ke tsakani. "Faɗawa rana ɗaya ta mako" ta cika sharuɗɗan nan uku, shi ya sa ta raba dukkan kwanakin duniya gida bakwai, babu kwanan da ya shiga gida biyu. Amma duba 'yan'uwantaka ta uwa ko ta uba. Audu da Binta ubansu ɗaya, Binta da Sani uwarsu ɗaya, to Audu da Sani fa? Ba su haɗa kowa ba. Sharaɗi na uku ya faɗi, don haka ba za a iya raba mutane gida-gida da wannan ma'auni ba tare da an sami cakuɗewa ba. Amfanin sharuɗɗan ke nan, su ne ke ba da tabbacin cewa rabon zai fita tsaf.

Philip Hall na jami'ar Kambirij a Ingila shi ne ya kawo dangantakar da ta dace, a wata maƙala da ta fito a 1940 a wata tsohuwar mujallar lissafi ta Jamus, ana tsakiyar yaƙi tsakanin ƙasashen biyu. Ya kira ta aisokilinizim, mu kuma bari mu ce zama dangi ɗaya. Ma'anarta ita ce: ka rufe ido ga cibiyar kowane rukuni, tunda ita ba ta haifar da saɓani. Idan abin da ya rage iri ɗaya ne, tarin saɓaninsu ma iri ɗaya ne, kuma yadda saɓanin ke tasowa ya yi daidai a ɓangarorin biyu, to dangi ɗaya ne. Da wannan ma'auni duk rukunan da ba su da saɓani sam sun zama dangi guda, manyansu da ƙananansu. Rukunin tayil da na Hamilton su ma dangi ɗaya ne. Kuma ba dace aka yi ba, an tabbatar cewa dukkan lulluɓan rukuni guda mai iyaka dangin juna ne. Wato ko da mayafin ya bambanta, saƙarsa ɗaya ce.

Me ya sa Hall ya damu da wannan? Yawa ne ya yi yawa. Rukunan da ke da mambobi 8 iri biyar ne. Masu 16 iri 14. Masu 32 iri 51, masu 64 kuma 267. Kafin ka kai masu mambobi 1024, adadin ya haura biliyan 49. Hans Besche da Bettina Eick da Eamonn O'Brien ne suka ƙirga su da kwamfuta wajajen shekarar 2000, kuma sama da kashi 99 cikin 100 na dukkan rukunan da mambobinsu ba su wuce 2000 ba, masu 1024 ɗin nan ne. Bayan kimanin shekara ashirin wani mai bincike, David Burrell, ya gano an tsallake wasu, adadin ya koma 49,487,367,289. Ba mai iya nazarin irin wannan tulin ɗaya bayan ɗaya. Amma idan aka bi ta dangi, 14 ɗin nan sun koma gida uku, 51 sun koma takwas, 267 kuma 27. Da wannan tsari ne Marshall Hall da James Senior suka wallafa jadawalinsu na rukunan da suka kai mambobi 64 a 1964. Marshall ɗin Ba'amurke ne, ba ɗan'uwan Philip ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Yanzu bari mu ƙara hawa mataki guda. Duk abin da muka faɗa ya ginu ne a kan doka ɗaya, wato dokar da ta ce ko wanne ka fara yi sakamakon ɗaya ne. Saɓani shi ne ma'aunin karya wannan doka, cibiya kuma su ne waɗanda ba su da hannu a karyawar. To idan aka sauya dokar fa? Tarin dukkan rukunan da ke bin wata doka ko wasu dokoki shi za mu kira jinsi. Akwai jinsin marasa saɓani. Akwai jinsin waɗanda kowane aiki a cikinsu idan aka maimaita shi sau biyar sai a koma mafari. Akwai jinsin waɗanda suna da saɓani, amma shi saɓanin ba ya saɓa wa kowa, inda tayil da Hamilton suke. Garrett Birkhoff a Amurka ya aza harsashin wannan tunani a 1935, Bernhard Neumann ya ɗora shi a kan rukunai a 1937, sannan matarsa Hanna Neumann ta rubuta littafin da ya zama madogara a fannin a 1967. A 1970 Alexander Olshanskii na Mosko ya nuna cewa jinsunan sun yi yawan da ko jera su ɗaya, biyu, uku har abada ba zai ƙare su ba.

Akwai wani zare na tarihi da ya ɗaure mutanen nan. Bernhard Neumann a Berlin ya yi digirinsa na dakta, inda Schur ke koyarwa. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 ya tsere Ingila saboda shi Bayahude ne, ya sake yin wani digirin a hannun Philip Hall. Hanna ta biyo shi a 1938, daga baya suka koma Ostireliya, inda ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar farfesan lissafi a ƙasar. Shi kuwa Schur an raba shi da aikinsa a 1935, ya bar Jamus a 1939, ya rasu a Tel Aviv a 1941 a ranar da ya cika shekara 66.

A wannan shekara ta 1940 Hall ya nuna cewa kowane jinsi yana da irin nasa saɓani da irin tasa cibiya, don haka yana da irin tasa dangantakar dangi, wadda ya kira aisolojizim. Ma'aunin Schur ma yana da takwara a kowane jinsi, ana jingina shi ga Reinhold Baer. Masana a Ingila da Ailan, da kuma jami'ar Ferdowsi da ke Mashhad a ƙasar Iran, sun yi aiki mai yawa a kan tambayar da ta biyo baya: shin alkawarin Schur, cewa kowane rukuni yana da lulluɓi, yana nan a kowane jinsi?

Amsar ita ce a'a, kuma katifarmu ta isa hujja. Ɗauki jinsin da dokarsa ta ce saɓani ba ya saɓa wa kowa. Karya wannan doka shi ne saɓani na hawa na biyu, wato saɓanin da ke tsakanin wani saɓani da wani mamba. Idan aka lissafa ma'aunin Baer na rukunin katifa a nan, huɗu ake samu. Ke nan ana neman wani rukuni a sama da ƙarin ninki huɗu, kuma sharaɗi shi ne ƙarin ya kasance an gina shi kacokan daga saɓani na hawa na biyu. To amma katifa ba ta da saɓani ko kaɗan, saboda haka duk saɓanin hawa na farko da ke cikin babban rukunin dole yana cikin ƙarin nan. Wannan na nufin hawa na farko da na biyu sun zama abu guda. A irin waɗannan rukunai kuwa, da aka gina cibiya bisa cibiya, kowane hawa dole ya fi na gabansa ƙanƙanta, sai fa idan an riga an kai ga babu. Hanya ɗaya da hawa biyu za su zo daidai ita ce duka biyun su zama babu. Ƙarin da ake so ya zama huɗu ya koma ba komai, lulluɓin bai samu ba. A ganina wannan ya fi nasarar Schur ɗin koyar da darasi, domin ya nuna cewa abin da ya tabbatar sa'a ce ta musamman da dokar farko ke da ita.

Mai sauraro zai iya cewa, to duk wannan ina ruwan mai sayen gawayi da shi? Ɗauki kofin shayi, wanda babu komai a ciki don Allah, ka ɗora a tafin hannunka. Juya shi zagaye guda ta ƙarƙashin hammatarka ba tare da ya kife ba. Kofin ya koma yadda yake, amma hannunka ya murɗe. Ci gaba da juyawa ta wannan fuskar, yanzu ta saman kanka, zagaye na biyu. Sai ka ga hannun ya warware. Zagaye ɗaya bai mayar da komai da komai mafari ba, sai biyu. Juye-juyen da ake yi a sarari suna da lulluɓi mai ninki biyu, kuma lambobin Hamilton ne ke bayyana shi. Idan ka ɗauki juyin katifa guda huɗu ka duba abin da ke samansu a wannan lulluɓi, rukunin Hamilton mai mambobi takwas za ka tarar, ba na tayil ba.

Ƙwayar lantarki da ake kira ilaktaron a wannan lulluɓi take rayuwa. Eugene Wigner ya nuna tun wajajen 1930 cewa a kimiyyar ƙananan ƙwayoyin halitta, jadawalan da ke da ɗan ƙarin nan na Schur su ne ainihin abin da ake bukata. Idan aka juya ilaktaron digiri 360, lissafin da ke siffanta shi yana dawowa da alamar ragi, sai an kai digiri 720 yake komawa yadda yake. A 1975 aka gwada wannan a zahiri da ƙwayar niyutiron. Ayarin Helmut Rauch na Ostiriya, da ke aiki a wata cibiyar nukiliya a Grenoble ta Faransa, da kuma ayarin Samuel Werner a Amurka, kowanne ya raba ayarin ƙwayoyin gida biyu, ya juya kashi ɗaya da maganaɗisu, sannan ya sake haɗa su. Sakamakon bai maimaita kansa ba sai bayan zagaye biyu. Wannan alamar ragi tana da alaƙa ta kai tsaye da ƙa'idar da Wolfgang Pauli ya gano a 1925, wadda ta hana ilaktaron biyu zama a hali guda, kuma ita ce ta sa ƙwayoyin zarra suke da hawa-hawa, har ƙarfe ya bambanta da iskar da muke shaƙa. Lambobin Hamilton ɗin kuma su ne injiniyoyi ke amfani da su wajen lissafa inda tauraron ɗan Adam ya fuskanta, da yadda wayar hannunka ke gane ka karkata ta.

Masu sauraro, nan za mu dasa aya a shirin na wannan mako. Wanda ya gwada dabarar kofin yana iya rubuto mana yadda ta kaya.